ArkOS a Kan R36S: Aikin 'Yan Sa-kai da Ke Riƙe da Ƙaramar Na'urar Wasa

R36S ƙaramar na'urar wasa ce ta hannu da ake ƙerawa a Sin, wadda ta fara shigowa hannun masu sha'awar tsofaffin wasanni a nan Kaduna saboda arharta. Allonta inci 3.5 ne mai ƙwayoyin hoto 640 da 480, ƙwaƙwalwarta Rockchip RK3326 ce, ma'ajiyar aikinta kuma gigabait 1. Ƙarfen kansa ba shi da wani abin a-zo-a-gani. Abin da ya ba ta daraja shi ne ArkOS, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda aka gina a kan Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar kwamfuta ta Linux, kuma masu sha'awa ne suka fara rainonta a 2020 ba tare da wani kamfani ya ɗauke su aiki ba. Asali ma ba don R36S aka yi ta ba. Wasu 'yan sa-kai ne suka ɗauki sigar da aka shirya wa wata na'urar wasa ta hannu, Anbernic RG351MP, suka daidaita ta da wannan na'ura.

Idan komai ya zauna daidai, aikinta yana gamsarwa. EmulationStation ce ke jera wasanni a allo, RetroArch kuma ke kunna mafi yawansu. Wasannin Sega Mega Drive, Super Nintendo, Game Boy Advance da PlayStation ta farko suna tafiya sumul, har mutum ya tuna zamanin da yara ke biyan kuɗi a shagunan wasa na unguwa don buga ƙwallo a talabijin. Da an haura zuwa Nintendo 64, Dreamcast ko PSP, sai ƙarfin na'urar ya fara gazawa, wasu su yi, wasu su riƙa sarƙewa, kuma a ganina ba adalci ba ne a ɗora wa manhajar laifin abin da ƙwaƙwalwar ba za ta iya ɗauka ba.

Matsala ta farko ita ce katin memori da ke zuwa a cikin kwali, wanda galibi mara suna ne kuma mara ƙarko. Nawa ya lalace ana tsakiyar wasa, na'urar ta tsaya cik a kan tambarin buɗewa. Maganin shi ne a sayi kati mai inganci, a sauko da fayil ɗin ArkOS, a rubuta shi a kan katin da manhajar Rufus ko balenaEtcher a kwamfuta. Fayil ɗin yana da nauyi, don haka ya kamata a tanadi isasshiyar data da cajin kwamfuta kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana mayar da aiki baya.

A nan ne ake cin karo da abin da ya fi tayar wa sababbin shiga hankali. Mutum ya sa sabon kati, ya danna makunni, ƙaramar fitilar ta kama, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin ko ya cika da layuka. Da yawa sukan ɗauka na'urar ta mutu, alhali lafiyarta ƙalau. Dalili shi ne ba allo iri ɗaya aka sa wa duk R36S ba, kuma kowane iri yana buƙatar nasa ƙaramin fayil mai ƙarewa da dtb, wanda ke bayyana wa Linux yadda kayan cikin na'urar suke a haɗe. Fayil ɗin yana zaune a sashen BOOT na katin. Saboda haka, tun ranar da aka buɗe kwali, kafin a buga wasa ko ɗaya, ya kamata a kwafe duk abin da ke wannan sashe a adana a kwamfuta. Wanda bai yi haka ba sai ya bi fayilolin da jama'a suka tattara ɗaya bayan ɗaya har ya dace da nasa. Akwai kuma jabun R36S masu kayan ciki daban, waɗanda wannan siga ta ArkOS ba ta tashi a kansu, kuma daga waje da wuya a bambanta su.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ramin caji da na OTG, inda ake jona kayan USB, sun yi kama, sai an duba rubutun. Caja mai bol 5 ta fi mata lafiya. Ba ta da Wi-Fi sai an jona mata ta USB. Kuma kashe ta daga cikin manhaja ya fi danne makunni, don gudun lalata kati.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gyara ke samuwa. Tarin fayilolin allo da ke ceton mutane a yau, masu na'ura ne suka ciro daga katunansu suka bayar kyauta. Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja ba kafin ya taimaka. Rahoto a GitHub, shafin da masu manhajar ke karɓar rahoton matsala, da ya faɗi sigar manhajar, irin allon, matakan da ke jawo matsalar, tare da hoton abin da ya bayyana, ya fi ƙorafi ɗari na "ba ta aiki" amfani ga wanda ke gyara a lokacin hutunsa. Mu ma muna da abin da za mu kai, kamar gwada yadda batir ke jure zafin Maris da Afrilu, ko duba waɗanne fasalolin rubutu ne ke kasa nuna ƙ, ɗ da ɓ a sunayen fayiloli. Raunin tsarin shi ne bayanan a warwatse suke, kusan duk da Turanci, kuma ba wanda ya ɗauki alkawarin amsa tambaya da gaggawa.

Ga ɗalibi ko mai gyaran waya da ke son sanin Linux a aikace, ina ba da shawarar R36S da ArkOS ba tare da jinkiri ba. Wanda kuwa zai saya wa yaro don ya kunna kawai, ya haɗa kuɗin kati mai kyau a lissafinsa, ya kuma nemi wanda zai shirya masa shi tun kafin ya miƙa kyautar.