Abin da Ke Sa Taswirar Waya Ta Ɓatar da Direba a Ƙasashen Waje

'Yan uwa na gida, musamman masu shirin fitowa neman aikin tuƙi, ko na tasi ko na kai wa mutane saƙo gida-gida, ga bayani kan abin da ke cinye wa sabon direba lokaci da mai a nan. Da yawa suna zaton tunda kowane titi yana da suna kowane gida yana da lamba, taswirar waya ba za ta yi kuskure ba. Amma abubuwan da ake yaba wa manyan biranen nan, dogayen benaye, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, gada a kan gada, su ne suka fi rikita GPS.

Taurarin ɗan adam na GPS suna can sama a nisan kilomita kusan 20,200. Waya ba ta aika musu komai, sauraro kawai take yi. Kowane tauraro yana faɗin inda yake da lokacin da ya saki saƙo, ita kuma ta auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Saƙon da gudun haske yake tafiya, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya zama mita 300 a ƙasa. A fili, inda babu abin da ya tare sama, gwamnatin Amurka ta ce wayar hannu kan faɗi wurin da mutum yake da kuskuren da bai wuce mita 4.9 ba. Faɗin layi ɗaya a babbar hanya kuwa bai kai mita 4 ba. Wato ko a rana mai kyau, wayarka ba ta da tabbacin layin da kake ciki. Idan ta ce ka kama layin dama, daga taswira ta karanto, ba ganinka take yi ba.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne tsakiyar gari: Manhattan, tsakiyar Chicago, unguwar Canary Wharf a Landan. Bene ya tare tauraron da ke gefe, saƙonsa ya bugi gilashin benen da ke ɗaya hannun ya dawo, kamar yadda murya ke amsa-kuwwa a rijiya. Saƙon da ya yi zagaye ya fi daɗewa a hanya, waya kuma ba ta san ya yi zagaye ba, sai ta ajiye ka gomman mitoci nesa da inda kake. Manhajar taswira ba ta son nuna mota a kan rufin gida, don haka takan janyo ɗigon da ke nuna inda kake zuwa titi mafi kusa. Wannan dabara tana aiki har sai an samu tituna biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar babbar hanya da ƙaramin titin da ke bin gefenta. Nan take ta ɗora ka a kan wanda ba shi ba, ta fara sabon lissafi, ta ce ka juya inda babu majuya. A Chicago akwai titin Wacker Drive mai hawa biyu, sama da ƙasa, GPS kuma ya fi rauni wajen auna tsawo fiye da auna gefe, sai ta ɗauka kana sama alhali kana ƙasa. Idan ka ji ta sauya magana haka kwatsam, kada ka murɗa sitiyari. Ci gaba da bin allon hanya, ka ba ta daƙiƙa kaɗan ta dawo hayyacinta.

Japan ta yi wa wannan matsala tanadi na musamman. Tana da nata taurarin, Michibiki, waɗanda aka tsara yadda kowane lokaci ɗaya zai kasance kusan saitin kai, inda bene ba zai tare shi ba.

Akwai kuma jinkiri. Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta wurin da suke. A gudun kilomita 100 a awa, mota ta ci mita 28 a wannan daƙiƙar. A gudun 130 da aka yarda da shi a manyan hanyoyin Faransa, mita 36. Inda mafita biyu ke kusa da juna, wannan ya isa ya sa ka fita da wuri ko ka wuce, kuma kafin ka samu inda za ka juyo ka yi asarar kilomitoci. Maganin shi ne tun daga nesa ka riƙe lambar mafitar da sunan garin da ke jikin allo, ka bar kallon kibiya.

A hanyar ƙarƙashin ƙasa babu siginal ko kaɗan. Waya takan ci gaba da tura ɗigon da gudun da ka shiga da shi, idan cunkoso ya tsayar da kai a ciki ɗigon ya yi gaba abinsa. A nan taswirar da ke jikin mota ta fi waya nesa ba kusa ba, domin tana ƙirga juyawar taya tana kuma jin karkatar mota, ga eriyarta a kan rufi. Motoci da dama suna miƙa wa waya wannan bayani idan an haɗa su ta CarPlay ko Android Auto, wato tsarin haɗa waya da allon mota, don haka wanda motarsa ke da wannan ya yi amfani da shi. Wasu biranen, irin su Chicago, New York, Boston, Paris da Sydney, an liƙa ƙananan na'urorin Bluetooth na manhajar taswira ta Waze, masu faɗa wa waya inda take, a bangon wasu hanyoyinsu na ƙarƙashin ƙasa. Sai Bluetooth ɗinka yana kunne za ka amfana, kuma a Google Maps na Android sai ka shiga saitin kewayawa ka kunna da kanka.

Wani abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba shi ne gilashin gaba. A ƙasashen sanyi akwai motoci masu siraran wayoyin ɗumama a cikin gilashi don narkar da ƙanƙara, akwai kuma masu shafen ƙarfe da ke mayar da zafin rana, wanda ya yi yawa a motocin Faransa. Irin wannan gilashi, musamman mai shafen ƙarfe, yana rage ƙarfin siginal. Gwajin ba shi da wuya. A sauke manhajar GPSTest a wayar Android, a faka mota a fili, a duba yawan taurarin da ake amfani da su da lambar ƙarfinsu a ciki, sannan a miƙa wayar waje ta taga a sake dubawa. A fili masu ƙarfi kan kai 40, idan ka ga duk sun sauka kusa da 25 a ciki, gilashin ne. Mai shafen ƙarfe yawanci an bar masa wani wuri mai ɗigo-ɗigo baƙi kusa da madubin tsakiya, a matsar da wayar can ko kusa da gilashin gefe. Idan abin ya ƙi, akwai ƙaramar na'urar karɓar siginal irin Garmin GLO da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, tana sabunta wuri sau 10 a daƙiƙa.

Mariƙin waya mai maganaɗisu yana rikita kamfas, shi ya sa a tashin farko kibiya ke kallon baya. Da zarar mota ta ɗan yi tafiya sai ta daidaita, domin daga nan da motsi take gane alkibla. Caja mai arha da kyamarar gaban mota marar kyau kan fitar da hayaniyar lantarki da ke danne siginal. A cire su ɗaya bayan ɗaya ana kallon lambobin. A duba saiti kuma: a ba manhaja izinin sanin ainihin wuri, a kashe tsimin batir, kada a bar waya ta gasu a rana. Wanda ya sauka daga jirgi babu data, ya yi haƙuri ya tsaya a fili, domin wayar sai ta saurari bayanan kowane tauraro daga sama, abin da ke ɗaukar daƙiƙa 30 ko mintuna, maimakon ta sauko da su ta intanet nan take.

Game da sayen waya, abin dubawa shi ne tana jin zango biyu, L1 da L5, ko ɗaya. Xiaomi Mi 8 ce ta fara zuwa da wannan a 2018, Apple ya sa shi a iPhone 14 Pro a 2022. L5 ya fi iya bambance saƙon da ya zo kai tsaye da wanda ya bugi bango, don haka mai aikin kai saƙo a tsakiyar gari zai ga amfanin kuɗinsa. Mai bin doguwar hanya a fili ba zai ga wani bambanci ba, a ƙarƙashin ƙasa kuwa duk ɗaya ne. Sababbin wayoyin da ake sayarwa a Tarayyar Turai, tun Maris 2022 doka ta wajabta su ji Galileo, taurarin Turai.

Wani lokaci kuma ɗigon yana daidai, taswirar ce ko adireshin ke da matsala. A Birtaniya lambar gidan waya ɗaya tana haɗa gidaje da dama, a karkara ta kan rufe yanki mai faɗi, sai an haɗa da lambar gida ko sunansa. A Ayalan kowane adireshi da tasa lambar, Eircode. A Chana doka ta sa ana karkatar da ma'aunin taswira, don haka manhajar waje kan ajiye mutum ɗaruruwan mitoci gefe, manhajojin ƙasar, Amap ko Baidu, ake amfani da su. Masu babbar mota su ne suka fi shiga haɗari: Google Maps da Waze ba sa tambayar tsawon mota ko nauyinta, kuma a New York akwai hanyoyin da aka haramta wa manyan motoci saboda gadojinsu gajeru ne. Direban tirela ya nemi taswirar manyan motoci, irin ta TomTom ko Garmin, ya shigar da tsawo da faɗi da nauyin motarsa kafin ya tada ta.