Challonge da Jadawalin Gasar Besbol ta Yaran Unguwa: Abin da Na Gani a Kaka Ɗaya

Shekara uku ke nan ɗana yana buga besbol a wata ƙaramar gasar unguwa a birnin Columbus na jihar Ohio, inda muke zaune, kuma a bana ne iyayen yara suka ɗora mini nauyin tsara wasannin ƙarshen kaka. Ƙungiyoyi 10 ne na yara 'yan shekara 11 da 12, kuma babu wanda ake biya ko sisi, tun daga masu horarwa har zuwa iyayen da ke sayar da ruwan sanyi a bakin fili. A bara da hannu aka zana jadawalin a kan farin allo, aka kuma tashi baram-baram, domin ƙungiyoyi biyu mafiya ƙarfi sun haɗu tun a zagaye na biyu, ɗaya ta tattara ta koma gida, wata kuma da ba ta ci rabin wasanninta ba ta sami kanta a wasan ƙarshe. Wannan ne ya sa na nemi abin da zai cire hannun mutum daga rabon, har na zaɓi Challonge, wato shafin intanet da ke zana jadawalin gasa.

Amfani da shi ba ya da wuya. Mutum zai buɗe asusu kyauta, ya rubuta sunayen ƙungiyoyi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe bisa ƙarfinsu, ya zaɓi irin gasar da yake so: sili-ɗaya-ƙwale, ko wadda ba a fita sai an sha kashi sau biyu, ko wadda kowa zai kara da kowa, ko kuma a fara da rukuni-rukuni sannan a shiga zagayen fitarwa. Idan an yi kuskure a jerin, da yatsa ake jan suna a mayar da shi inda ya dace. Akwai tallace-tallace a shafin kyauta, wanda yake so a cire su sai ya biya, amma mu ba su dame mu ba. Cikin ƙasa da minti goma na gama, na tura wa iyaye adireshin jadawalin a waya, kuma duk wasan da na shigar da sakamakonsa nan take kowa yake ganin wanda zai kara da wa.

A lissafin rabo ban sami abin kushewa ba. Da yake 10 ba ta cika gurabe 16 ba, shafin ya ba ƙungiyoyi shida na sama damar tsallake zagayen farko, ya haɗa ta bakwai da ta goma, ta takwas da ta tara. Ta ɗaya tana jiran wadda ta yi nasara tsakanin ta takwas da ta tara, ta huɗu tana karawa da ta biyar, ta uku da ta shida, kuma ta ɗaya da ta biyu suna gefe daban-daban yadda ba za su ga juna ba sai can kusa da ƙarshe. Wannan shi ne adalcin da aka rasa a bara, domin wanda ya yi wata biyu yana cin wasa ya cancanci hanya mai sauƙi, in ba haka ba wasannin kaka sun zama aikin banza. Wani dattijo ɗan ƙasarmu da jikansa ke ƙungiya ta tara ya tare ni a bakin mota ya ce, "Malam, yanzu ƙarami za a ba babba ya cinye tun da safe?" Na ce masa, "Alhaji, ai shi ya sa ba mu yi sili-ɗaya-ƙwale ba, ko sun faɗi yau suna da sauran dama."

Dalilin wannan zaɓi yana cikin yanayin wasan kansa. A besbol mai jifa guda ɗaya, wato wanda ke tsaye a tsakiyar fili yana jefa wa masu bugu ƙwallo, yana iya riƙe ƙungiya sukutum a ranar da hannunsa ya yi kyau, saboda haka raunanniyar ƙungiya mai gwanin jifa ɗaya tana iya kayar da wadda ta fi ta komai a wasa guda. Shi ya sa gasar jami'o'in Amurka, wadda ake kammalawa a birnin Omaha na jihar Nebraska, take farawa da ƙungiyoyi 64 a rukunai 16 masu ƙungiya huɗu-huɗu, inda ba a fita sai an sha kashi sau biyu, sannan a yi karawar da sai ka ci biyu cikin uku kafin takwas su isa Omaha. A 2018 aka fara jeranta ƙungiyoyi 16 bisa ƙarfinsu a matakin ƙasa maimakon takwas. Duk da wannan kariya da ake ba manya, jami'ar Fresno State ta ɗauki kofin a 2008 bayan ta shiga a matsayin ta huɗu, wato ta ƙarshe, a rukuninta. Japan kuwa wata hanya ta bi: a gasar bazara ta makarantun sakandare da ake yi a filin Koshien, makarantu 49 ne ke shiga, ƙuri'a ake jefawa ba tare da la'akari da ƙarfi ba, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya tafi ke nan. Challonge yana iya yin wannan ma, domin akwai maɓallin da ke cakuɗa sunaye, sai dai ni ban ga dalilin yi wa yaran da suka yi kaka guda suna gumi haka ba.

Akwai wani zaɓi a shafin da nake roƙon duk mai tsara gasa ya tsaya ya karanta shi da kyau kafin ya danna, shi ne na wasan ƙarshe. Ana iya cewa ƙungiyar da ta taso daga ɓangaren waɗanda aka taɓa ci sai ta doke wadda ba a taɓa ci ba har sau biyu, ana kuma iya mayar da shi wasa ɗaya tak. Na biyun ya fi sauƙin tsarawa, kuma babbar gasar yara ta duniya ta Little League, wadda ake yi a South Williamsport na jihar Pennsylvania da ƙungiyoyi 20 tun daga 2022, shi take bi: wasan fitar da gwanin Amurka da na fitar da gwanin sauran ƙasashe guda-guda ne, ko da ɗaya daga cikin masu karawar ba ta taɓa faɗuwa ba. A ganina wannan tauye haƙƙi ne, domin ƙungiya ɗaya tilo da ba ta yi kuskure ba ita ce ake hana damar da aka ba kowa. Mu mun zaɓi na farko, wanda ya mayar da wasanninmu 18, ko 19 idan an kai ga maimaitawa, kuma na yaba wa shafin da ya bar wa mai tsarawa wannan hukunci a fili.

Inda aikin Challonge ya tsaya kuwa shi ne hannun yara. Shafin ya yi suna ne a wurin masu gasar wasannin bidiyo, inda mutum zai iya karawa sau takwas a yini ɗaya ya tashi garau, kuma a idonsa kowane wasa layi ne tsakanin akwati biyu. A jadawalinmu ƙungiya ta ɗaya, idan ba ta faɗi ba, wasa huɗu za ta buga ta ɗauki kofi. Wadda ta faɗi a zagayen farko kuwa sai ta buga takwas. A takarda wannan hukunci ne da ya dace da wanda ya sha kashi, amma a fili abin ya wuce haka, domin muna bin ƙa'idar jifa ta Little League: yaro ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, wanda ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu, daga 51 zuwa 65 kwana uku, daga 36 zuwa 50 kwana biyu, daga 21 zuwa 35 kwana ɗaya. Ƙungiyar unguwa da ƙyar take da yara uku ko huɗu da suka iya jifa sosai. Idan aka matse wasanni takwas cikin mako ɗaya, kafin ta kai wasa na biyar ta ƙare masu jifanta, sai a ɗauko yaron da bai taɓa tsayawa a wurin ba a ce ya fuskanci ƙungiyar da ta yi kwana uku tana hutawa.

Na ga haka da idona ranar wata Asabar, bayan ruwan sama ya cinye mana kwana biyu, aka tara wa ɓangaren waɗanda aka taɓa ci wasa biyu a yini ɗaya. Tsakanin wasannin ɗana yana zaune a kan benci, an naɗe masa kafaɗa da ƙanƙara cikin tawul, hularsa a kan gwiwa, yana kallon yaran ƙungiya ta ɗaya da suka zo kallo cikin kayan gida suna shan lemo. Ya ce, "Baba, su yaushe za su buga?" Na ce sai Talata. Bai ƙara magana ba, amma lissafin da yake yi a ransa daidai ne: shi ya yi jifa 70 da safe, ba zai sake jifa ba sai Alhamis, gwanayensu kuwa duka uku za su shigo da ƙarfinsu. Laifin na kalandarmu ne, mu da muka yi kwaɗayin gamawa kafin iyalai su fara tafiye-tafiyen hutu. Ko a Japan sai da wani ɗalibi, Kosei Yoshida, ya yi jifa 881 a gasar Koshien ta 2018, kafin a 2020 a ƙayyade jifa 500 a mako ga kowane yaro, don haka matsalar ba ta ƙananan gasa kaɗai ba ce.

Wuri na biyu da ke bukatar hannun mutum shi ne raba gardama idan ƙungiyoyi sun yi kunnen doki a ƙarshen kaka. Ma'aunan da shafin ke bayarwa na kowane irin wasa ne, kamar wanda ya ci wani a karawarsu, ko yawan maki, ko tazarar maki. Tazarar maki tana koya wa koci ya ci gaba da lallasa yaran da suka riga suka karaya, kuma ba ta dace da wasan da ake dakatarwa a zango na huɗu cikin shida (a kowane zango ƙungiyoyin biyu suna bugu da tsaron fili bi da bi) idan tazara ta kai 10 ba. Ma'aunin Little League ya fi dacewa: a fara duba wanda ya ci wani, idan bai raba ba sai a raba makin da aka ci ƙungiya da yawan zangon da ta yi tana tsaron fili, mai ƙaramin sakamako shi ne a sama. Da alƙalami na lissafa wannan wa ƙungiyoyinmu biyu da suka yi kankankan a matsayi na shida da na bakwai, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, tun da ta shida tana tsallake zagayen farko, ta bakwai kuwa sai ta ƙona mai jifanta na ɗaya tun ranar buɗewa.

Zan sake amfani da Challonge baɗi, kuma ina ba duk wanda ke da ƙaramar gasa shawarar ya gwada shi, musamman saboda yadda yake kashe zargin son kai tun kafin ya taso. Sai dai na riga na shaida wa kwamitinmu sharuɗɗan da zan karɓi aikin a kansu: a rubuta ƙa'idar raba kunnen doki a raba wa masu horarwa tun kafin wasan farko na kaka, a shimfiɗa wasanni 19 a kan kwana 12 maimakon bakwai, a ware kwana biyu saboda ruwan sama, kuma kada wata ƙungiya ta buga wasa biyu a yini ɗaya. Takardar ƙidayar jifa kuma za ta ci gaba da zama a hannun iyaye biyu a kowane wasa, ɗaya daga kowane ɓangare, su sa hannu a kanta kafin na shigar da sakamako a shafin.