Shagon da ya gyara min wasan kwaikwayona a Samaru

Shekara biyu na yi ina rubuta wasan, da daddare bayan na gama makin littattafan ɗalibai. Kashi uku ne, fitowa goma sha ɗaya, a kan rigimar gadon wata gona a bakin fadama. Da lokacin miƙa shi gasa ya matso, na karanta sharuɗɗan na ga aiki a gabana: takarda A4, girman harafi 12, a tura a PDF, kuma kada sunan marubuci ya fito ko'ina sai a takardar da za a haɗo daban. Nawa rubutun kuwa a cunkushe yake, sunan mai magana da maganarsa da bayanin motsi duk a layi ɗaya.

Wani ɗalibin sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ne ya nuna min shagon. Yana cikin jerin shagunan buga takardu da ke tsallaken titi a Samaru, ɗan ƙarami, kwamfuta biyu da firinta da benci ɗaya. Wata Hajiya ce ke riƙe da shi, kuma yawancin aikinta na 'yan dandamali ne.

Tana buɗe fayil ɗin ta ce, “Malam, da tsohon salon rubutu ka buga wannan ko?” Haka ne. Irin wanda ake danna q ta fito ƙ, x ta fito ɗ, v ta fito ɓ. A kwamfutata lafiya lau yake, amma tana mayar da shi Times New Roman sai ga “qasa” da “xaki” da “varawo” shafi bayan shafi. Da haka na tura, alƙalin da ya buɗe ba zai kai fitowa ta biyu ba. Ta maye gurbinsu da haruffa masu lanƙwasa na ainihi, waɗanda ba sa canjawa a kowace na'ura. Ba ta danna a canja duka a lokaci ɗaya ta huta ba. Akwai wani ɗan kwangila a wasan mai suna Victor, kuma ta san inji zai mayar da shi Ɓictor, don haka ta bi manyan haruffan ɗaya bayan ɗaya. A nan ne hankalina ya kwanta da ita.

Daga nan ta shiga shimfiɗa. Shafin farko sunan wasa kawai. Na biyu jerin 'yan wasa, kowa da shekarunsa da dangantakarsa a layi guda, ƙasa kuma wuri da lokaci. Sunan mai magana da manyan haruffa a tsakiyar shafi, maganarsa a ƙarƙashi daga gefe zuwa gefe. Bayanin shiga da fita da motsi ta tura shi ciki, cikin baka, da karkataccen rubutu. Kowane kashi ya fara a sabon shafi. Gefen hagu ta bar inci ɗaya da rabi saboda ɗauri. Akwai wani saiti a Word da ke manne layi da na ƙasa da shi, ta sa wa duk sunayen, don kada suna ya tsaya shi kaɗai a gindin shafi magana kuma ta tsallaka gaba.

Na yi mata ƙorafi cewa shafi 38 ya koma 61, ga kuɗin bugu. Ba ta yi musu ba. Ta fitar da shafi ɗaya na tsohon da ɗaya na sabon, ta kira yaron shagon ta ce ya karanta maganar Inna ni in karanta ta ɗanta. Da tsohon shafin sau biyu yana karanto bayanin motsi a matsayin magana, har da “ta juya baya”. Da sabon kuwa bai yi tuntuɓe ba, har ya fara ɗaga murya a inda Inna ke rantsuwa ba za a sayar da gonar ba tana raye. Ta ce, “Ka gani, Malam? Wasa a tsaye ake karanta shi, ido na kan takarda rabi, rabi na kan abokin magana.”

Inda na ga gazawa biyu ne. Ta yi alkawarin Laraba, sai Juma'a bayan masallaci na karɓa, wai wuta da layin masu buga kundin kammala karatu. Na biyun ya fi damuna: bisa al'adarta ta sa sunana a saman kowane shafi, alhali na ba ta sharuɗɗan a rubuce. A keke Napep ina komawa Tudun Wada na lura, na juyo. Ta ba da haƙuri, ta cire, ta kuma shiga bayanan fayil ɗin ta goge sunana da ke ɓoye a can, abin da ban ma san yana nan ba. Ba ta karɓi ko sisi a kan sake bugun ba.

Duk wanda zai kai mata wasa ya je da mako guda a hannu, ya zauna su karanta sharuɗɗan tare kafin ta taɓa komai. Wasa na biyu da nake kai yanzu, ita zan kai wa.