Man darbejiya, majimfa ko taba: wanne za ka nema don kaskar shanu?

Da zarar damina ta kankama, kaska takan maƙale a hantsa da kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya. Jinin da take sha ƙaramar ɓarna ce. Babbar ita ce abin da take bari: kirci, jan fitsari, da kan nonon da ya lalace har maraƙi ya kasa tsotsa. Magungunan kanti sun yi tsada, ga shi wata kaskar ta daina jin su, musamman irin da a Afirka ta Yamma aka fara gani a Kodebuwa a 2007, wadda ta bazu har Benin da Najeriya. Shi ya sa makiyaya da dama ke waiwayar itatuwa.

Darbejiya, wato dogon yaro, ita ce ta fi sauƙin samu. Ƙarfinta yana cikin ƙwallo, don haka ruwan dafaffen ganye ba ya taɓuka abin kirki. Man ƙwallon za ka saya, wanda aka matse ba da wuta ba. Na gaske yana da duhu da ɗaci, da wari mai kama da na tafarnuwa. In ka ga ya yi haske kuma ba wari, ka yi zargin an surka shi. Ba ya kashe kaska nan take: yana rage mata shan jini ne, ya lalata mata ƙwai. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, saboda haka da yamma ake fesawa, kuma a maimaita duk mako. A kaɗa shi da ruwan sabulu, in ba haka ba sai ya taso saman ruwa.

Majimfa ta fi shi zafi. Masunta sun daɗe da saninta, domin da ita ake bugar da kifi. Ana daka ganyen a jiƙa ya kwana, a tace a fesa. Da wuya ka same ta a kasuwa, sai dai ka shuka, kuma ba kowace ce ke da dafin ba, don haka ka karɓi iri wurin wanda ya gwada tasa. Kada a wanke shanu da ita kusa da rafi ko tafki, mai fesawa kuma ya rufe hannu da hanci.

Taba kam ban ba da shawararta ba. Tana kashe kaska, amma dafinta yana ratsa fata, saniya kuma tana lasar jikinta. Maraƙi ko dabba mai gyambo na iya sheƙawa.

Ga mai shanu kaɗan, man darbejiya tare da cire manyan kaska da hannu ya wadatar. In kaska ta rufe garke, ko saniya ta fara zazzaɓi da jan fitsari, a kira malamin dabbobi. Wanda zai sayi maganin kwalba ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in kuma mai sinadarin amitraz ne, kada ya kusanci doki ko jaki da shi.