Fatalwowin Birtaniya masu ban dariya: wane faifai za ka fara saya?

A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu mutuwa ta leƙa gidaje da yawa a Birtaniya, sai ga masu shirya fim na ƙasar sun ɗauko fatalwa sun mayar da ita abin raha. Ni dai finafinan nan sun shiga raina, kuma wanda duk ya tambaye ni da wanne zai fara, amsata ɗaya ce: Blithe Spirit na 1945.

David Lean ne ya ba da umarninsa, daga wasan dandamali da Noël Coward ya rubuta a 1941. Rex Harrison ya fito a matsayin Charles, marubucin da ya gayyato wata mai kiran ruhin matattu gidansa don ya samu abin rubutawa. Ashe tsautsayi ne. Ruhin marigayiya matarsa ta fari, Elvira, ya dawo ya tare a gidan, ga kuma Ruth da ya aura daga baya tana raye. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan rikici, kishi ne tsakanin uwargida da amarya, sai dai uwargidan nan mijin kaɗai ke ganinta. Akwai wurin da Charles ya juya yana faɗa wa Elvira baƙar magana, Ruth kuwa tana tsaye a gefe ta ɗauka da ita yake, ta fusata ta fice. Elvira tana yawo a falo fuskarta da rigarta duk kore-kore, jan baki da jan farce kawai ke ƙyalli. Fim ne mai launi na Technicolor, har ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto. Amma wadda ta kwashe kallon ita ce Margaret Rutherford, da ta fito a matsayin mai kiran ruhin matattun, tsohuwar da ke zuwa a kan keke, tana aikinta da zumuɗi irin na yarinya ranar sallah.

Abu biyu za ka kiyaye wajen saye. Akwai wani Blithe Spirit ɗin na 2020 da Judi Dench ta fito a ciki, don haka duba shekarar da ke bayan kwalin. Sannan ka nemi bugun da aka yi daga gyaran da cibiyar finafinai ta Birtaniya, wato BFI, ta yi wa finafinan Lean a 2008, domin idan launin ya koɗe, koren Elvira ya tafi, rabin armashin ya tafi da shi.

Na biyu a wurina shi ne A Matter of Life and Death na 1946, aikin Michael Powell da Emeric Pressburger. David Niven matuƙin jirgin yaƙi ne da ya diro daga jirgi mai cin wuta ba laima, amma manzon da aka aiko ɗaukar ransa ya ɓata cikin hazon Ingila, shi kuma ya farka a bakin teku ya kamu da son Ba'amurkiyar da ya yi magana da ita ta rediyo. Duniya mai launi ce a fim ɗin, duniyar bayan mutuwa kuwa fari da baƙi. Ta wajen kyawun hoto ya fi duk sauran, Jack Cardiff ne ya ɗauka. Sai dai soyayya ta fi dariya yawa, kuma ya siffanta wata kotu ta bayan mutuwa. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu da hakan ba gara ya sani kafin ya biya kuɗi. A Amurka sunansa Stairway to Heaven, kada ka saya sau biyu.

The Ghosts of Berkeley Square na 1947 fari da baƙi ne, Vernon Sewell ya shirya. Robert Morley da Felix Aylmer hafsoshin soja ne na ƙarni na 18 da suka mutu cikin tarkon da suka ɗana wa Duke na Marlborough, wani basarake kuma babban kwamandan sojan Ingila, aka yanke musu zaman wani gida a Landan har sai jinin sarauta ya ziyarce shi. Mutanen biyu sun iya wasa, amma barkwancin ya jingina da tarihin Ingila sosai. Na masu tarawa ne, ba na farawa ba.

Idan da yara za a kalla, Scrooge na 1951 ya fi dacewa, inda Alastair Sim ya fito a matsayin marowacin attajirin da fatalwowi suka hana barci, daga labarin Charles Dickens.

Saura maganar na'ura, inda da yawa ke asarar kuɗi. An raba faifai shiyya-shiyya, kuma na'urar wata shiyya ba ta karanta faifan wata. Faifan DVD na Birtaniya na shiyya ta 2 ne, na Amurka shiyya ta 1, Najeriya da Nijar kuwa suna shiyya ta 5, don haka sai na'urarka mai karɓar kowace shiyya ce zai yi. Blu-ray ya fi sauƙi, domin Afirka da Turai duk suna shiyyar B. Bugun kamfanin Criterion na Amurka, wanda ya haɗa finafinai huɗu na Lean da Coward a kwali ɗaya a 2012, yana da kyau ƙwarai amma na shiyyar A ne. Kuma ka tabbata faifan yana da rubutun maganganu a ƙasan allo, musamman Blithe Spirit, saboda mutanen Coward da sauri suke magana, kuma dariyar tana cikin kalmomin ne.