Ejan ɗin da ya min bizar direba ta Saudiyya, tauraro uku na ba su

Mutane sun dame ni a WhatsApp da tambayar ofishin da ya min bizar aiki, to ga abinda na gani da idona, sunan dai ba zan kama ba, a Kano yake.

Wajen takardu gaskiya ba ni da ƙorafi. Gwajin lafiya, ɗaukar zanen yatsa, tikiti, komai sun bi min shi kuma bizar ta gaske ce, ba irin ta Umara ba da ake yaudarar mutane da ita a ce in ka sauka sai ka ɓace ka zama takari kana ɓuya har ranar da za a kwashe ka a kai tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a koro gida. Na sauka Riyad ƙarshen 2022, kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ya min iƙama, takardar izinin zama, albashi yana shigowa. A nan sun ci tauraronsu.

Inda suka ɓata min rai shi ne maganar zama. Na tuna ranar da muke jere a benci, fanka ɗaya tana juyawa, kowa rungume da fayil ɗin roba da fasfo a ciki, yawanci mata ne masu tafiya aikatau, wata baiwar Allah kusa da ni ta ce ita kayan ɗakin 'yarta kawai za ta haɗa ta dawo, wani kuma bashi ne ya koro shi, ni shago nake so in buɗe. Dukkanmu shekara biyu muke cewa saboda haka kwantiragi ya rubuta, shi ma ejan ɗin haka yake ta nanatawa, wai in bai maka ba sai ka canza gida. Wallahi bai taɓa faɗa min cewa sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala a 2021 bai haɗa da direban gida da masu aikatau ba. Sai da na zo na gane ko hutu zan je gida sai kafili ya buga min bizar fita da dawowa ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya. Wannan ai abu ne da ya kamata a zaunar da mutum a faɗa masa tun kafin ya sayar da filinsa.

Sannan 2023 aka cire tallafin mai, naira ta zube, riyal kuwa yana nan daram a 3.75 kan dala ɗaya, kuɗin da nake turawa ya zama shi ke riƙe da gida biyu, namu da na Yaya. Shekara biyun ta cika na sabunta, shagon har yau bulo ne a jibge.

Bayan na sauka na kira lambarsu sau uku kan maganar ranar hutu da ba a ba ni, sau ɗaya aka ɗaga aka ce in yi haƙuri. Ƙanina yanzu yana so ya bi ta hannunsu, na ce masa sai an fassara masa kwantiragin nan da Hausa layi-layi a gabana ta bidiyo kafin ya ba su ko sisi.