BFGoodrich KO2 a babbar jif: tana cin dusar ƙanƙara, santsi na kayar da ita

Masu manyan jif irin su Land Cruiser 200 da Chevrolet Suburban a Kanada da arewacin Amurka kan ɗaura wannan taya, wadda aka yi don kwalta da hanyar daji, don su huta da canji idan hunturu ya shigo. Ta fito a 2014, kuma yawancin lambobin girmanta na ɗauke da tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Wannan tambari ya isa a bi titi da ita a lardin Quebec na Kanada, inda doka ta wajabta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

A sabuwar dusar ƙanƙara mai zurfi ba ta da laifi. Zurfin zanenta ya kai kusan milimita 12 tana sabuwa, haƙoran gefe suna tona, nauyin motar kuma yana danna ta ƙasa ta samu abin kamawa. Jif mai ja da ƙafa huɗu za ta fita daga layin da ba a share ba cikin sauƙi.

Inda take ba da kunya shi ne kan ƙanƙarar da ta daskare ta zama gilashi. Gwajin da ake yi kafin ba da tambarin nan na tashin mota ne a kan dannanniyar dusar ƙanƙara, babu birki a kan santsi, babu shan kwana. Robar KO2 an haɗa ta ne don ta jure duwatsu da zafi, saboda haka tana ƙara tauri idan sanyi ya tsananta, kuma ƙananan tsagogin da ke tsotse ruwan saman ƙanƙara ba su kai na tayar hunturu zalla irin Bridgestone Blizzak yawa ba. Land Cruiser 200 ta haura tan biyu da rabi. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka mata ta tashi, amma wajen tsayawa birkinta ƙafa huɗu ne kamar na kowace mota. Nan direba ke ruɗuwa: ya tashi lafiya, sai a danja ya ji ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, na karkarwa mota na ci gaba. A kwana ma gaban motar kan ƙi bin sitiyari.

Nau'in LT (na ƙananan motocin kaya) mai ajin ɗaukar nauyi E ya fi tauri, kada a cika masa iska har iyakar da aka rubuta a jikinsa idan ba kaya aka ɗauka ba. A riƙa aunawa da safe kafin a motsa, domin duk saukar sanyi da maki 5 zuwa 6 na Salsiyas yana rage kusan psi 1 a ma'aunin iskar taya. Idan zane ya sauka ƙasa da milimita 5, cin dusar ma ya ragu sosai, ko da tayar na da kyan gani.

Ga mai bin hanyar gona ko daji, inda dusa ta fi santsi yawa, ta biya kuɗinta. Mai bin babban titi kullum da asuba, ko mai sauka gangara da tirela a baya, ya sayi Blizzak ko Nokian Hakkapeliitta mai ƙusoshi inda doka ta yarda, guda huɗu cif, ya ajiye KO2 sai sanyi ya wuce.